Muryar Yaya a Cikin Akwatin Katako

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa, amma ranar da muka cika ɗakin mahaifiyarmu da wayoyin wuta da akwatunan sauti don kawai mu tabbatar mata ɗanta yana raye, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, yaran da nake goyo a lokacin duk sun fi ni tsawo, amma har yau in wani ya ƙure rediyonsa a unguwa sai abin ya faɗo min a rai, in kama dariya ni kaɗai ina tsaka da shanyar shinkafa. Maƙwabta sun saba, ba sa ma tambaya.

Mu 'yan Haɗeja ne, nan aka haife mu, amma kakanninmu daga bakin tafkin Chadi suka taso, kuma ƙafar gidanmu ba ta taɓa ɗaukewa daga can ba. Babban yayanmu, wanda shi ne ɗan farin Iya, can yake sana'arsa. Yana bin tsibirai yana sayen kifi a hannun masunta, a yi masa banda, ya ɗaure a kwali ya turo. Yakan yi watanni bai leƙo gida ba. Inda yake kuma babu sabis, sai ranar Alhamis in ya fito kasuwar gari yake samun damar kiran mu, ko ya turo saƙon murya ga matarsa, wadda take zaune tare da Iya a gidanmu na gado.

Sai na ɗan yi muku bayanin Iya kafin ku gane abin da ya biyo baya. A lokacin idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai inuwar mutum, amma kunnenta kam ba a magana. Daga takun takalmi take gane wanda ya shigo zaure. Sannan mace ce irin ta da, mai alkunyar ɗan fari ta gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, sai dai ta ce "yayanku". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa a bakin ƙofarta yana gaisuwa, juyar da fuska take yi ta kalli bango, ta ce "lafiya" sau ɗaya, shi ke nan an gama. To wadda ba ta iya fuskantarsa, ita ce za ta riƙe waya tana hira da shi? Ba ta taɓa yi ba. Mu ne muke cewa, "Iya, Yaya ya kira, yana gaishe ki," ta ce madalla, ta ci gaba da jan carbinta. Wato dai duk tsawon shekarun nan Iya ba ta taɓa jin muryar ɗanta ta cikin waya ba, kuma babu wanda ya taɓa kawo hakan a ransa.

Daminar wannan shekara ruwa ya yi yawa. Kogi ya cika ya shiga gonakin shinkafa, hanyoyi suka yayyanke, gari ya koma daga damshi sai kukan kwaɗi. Ana cikin haka sai labari ya iso cewa wani kwale-kwale ya kife a tafki da 'yan kasuwar kifi a ciki. Muka yi ta neman wayar Yaya, ba ta shiga. Sai muka yi abin da kowa yake yi a wajenmu in irin wannan ta taso: aka ce kada tsohuwa ta ji sai an tabbatar. Muna ƙus-ƙus a madafa, da zarar mun ji ƙarar sandarta sai kowa ya yi gum. Matar Yaya kuwa banɗaki take shigewa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

Ranar Alhamis sai ga kiransa. Ashe ko kusa da wurin bai je ba, lafiyarsa ƙalau, har yana mamakin yadda muke ihu a waya. Don murna ban san lokacin da na faɗa ɗakin Iya ba, ko takalmi ban cire ba. Na ce, "Iya, Yaya ya kira, yana nan da ransa, babu abin da ya same shi."

Ta ajiye carbin a hankali ta ce, "Da ma an ce wani abu ya same shi ne?"

Nan na yi tsuru-tsuru. Na shiga kame-kame ina ba ta labarin kwale-kwale, ita kuwa tana ta gyaɗa kai. Da na gama sai ta ce, "Ke yarinya ce. Lokacin da ƙanin mahaifinku ya rasu a kan hanyar gabas, ni aka ɗora wa kai wa kakarku tuwo. Kullum sai ta tambaye ni shi, kullum in ce mata yana gaisuwa, alhali an daɗe da binne shi. Na san shirun da kuka yi min a gidan nan, don ni ma na taɓa yin irinsa. Kuma ina jin matarsa tana jan hanci a banɗaki."

Na rantse, na maimaita. Daga ƙarshe na karɓo wayar matar Yaya, na kunna mata saƙon da ya turo bayan mun gama magana, na kara mata a kunne. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ture hannuna. Ta ce, "Wannan ba muryar yayanku ba ce. Yayanku daga ƙirji yake magana, irin mahaifinsa. Wannan kuwa ta hanci yake yi. Ku gaya wa Auta ya ji tsoron Allah."

Auta shi ne ƙaraminmu, kuma laifinsa ne da aka zarge shi, domin tun yana yaro babu muryar da ba ya kwaikwaya, daga ta mai tallan maganin gargajiya har ta ladanin unguwa. Da wata Alhamis ɗin ta zagayo muka zaunar da shi kusa da ita, ta riƙe hannunsa gam, sannan muka kira Yaya yana magana tana ji. Ta ce, "To shi Autan ba shi da abokai ne?" Yaya ya shiga kawo labaran gida na tun muna yara, ta ce duk an karanta masa. Muka ce a yi kiran da ake ganin fuska, ga shi ita ba gani take yi ba. Muka roƙi limamin unguwa ya zo ya yi mata magana, ashe nan muka ƙarasa ɓata lamarin. Ta karɓe shi da mutunci, ta yi godiya, yana fita ta ce min, "Ai da ma haka ake yi. In an ga tsohuwa ta fara ganewa sai a turo malami ya fara lallaɓa ta."

Abin ya fara da ban dariya, amma bai daɗe ba ya daina ba mu dariya. Iya ta daina cin abinci. Kunu ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Ba ta kuka a gabanmu, don ko a mutuwa ba za ta yarda a ga tana yi wa ɗan fari kuka ba, sai dai ka ga tana ta zubewa, zanen da take ɗaurawa yana yi mata yawa. Shi kuma Yaya ba shi da halin tahowa da wuri, ruwa ya raba hanya ta can ya raba ta nan. Rannan ta kira ni ta ce in jiƙa gero, ranar Juma'a za ta yi masa sadakar gumba, tunda mu mun ƙi yi masa. Ta kuma aika wa matarsa cewa ta cire 'yan kunne ta shiga takaba. Matar nan ta zo ta same ni tana hawaye tana cewa, "Yanzu ni da na yi magana da mijina ranar Alhamis, takabar wa zan yi?" Wallahi tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar in aka yi sadakar nan, Iya za ta sallama, ta bi bayan wanda bai tafi ko'ina ba.

Ina zaune ina juya maganarta a raina, sai na ce wai ma tsaya. Ita fa ba ƙarya ta yi ba. Na sake kunna saƙon na saurara da kunnen basira. Mu da muka saba, da mun ji sai zuciyarmu ta cike mana sauran. Amma gaskiya muryar da ke fita daga 'yar wayar nan siririya ce, babu kaurin nan na Yaya da in ya yi sallama a zaure har kaji sai sun watse. Na ce to, ashe ba Iya za mu gyara ba, muryar za mu gyara.

A nan ne maza biyu suka shigo cikin zancen, maigidana da Auta. Tsakaninsu akwai wasan nan na miji da ƙanin mata, kuma sun daɗe suna wata gardama da ta ishi kowa a dangi. Maigidana injin casar shinkafa gare shi, don haka a wurinsa komai na duniya inji ne. Ya sayi wata amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, mai nauyi, mai fitilu shuɗaye da wasu allurai da suke rawa in ana magana. Ya haɗa ta da wasu 'yan sifiku na roba da ba su fi kwanon sha ba. Kullum maganarsa ita ce, "Sauti a cikin inji ake dafa shi. Sifika ai baki ce kawai, abin da aka ba ta shi take faɗa." Shi kuwa Auta gidan kallon ƙwallo yake da shi, yana da wasu akwatunan sifika biyu na katako da kafinta ya haɗa masa, kowanne sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga. Amma abin da yake kunna su da shi wata tsohuwar rediyon mota ce da batirin babur. Shi kuma tasa maganar, "Ko injin jirgin sama ka kawo, in sifikarka gwangwani ce, gwangwani za ka ji." A wurin suna su yi, a wurin ɗaurin aure su yi, har gaisuwar rasuwa sun taɓa zuwa suka dawo suna yi a hanya.

Da na kai musu maganar, maimakon su ji tausayi, sai na ga idon kowannensu ya kawo haske. Maigidana ya ce, "To yau za a raba gardama." Auta ya ce, "Allah ya kai mu, mai inji."

Maigidana ne ya fara, a matsayinsa na babba. Ya ɗauko amfilifayarsa a nannaɗe cikin bargo kamar jaririya. Babu wuta, sai da aka tayar da janareta, aka kai shi can bayan katanga don kada ƙararsa ta dame mu. Shi suruki ne, ba ya shiga ɗakin Iya, sai ya tsuguna a bakin ƙofa yana miƙo min wayoyi yana ba ni umarni ƙasa-ƙasa. Aka jona waya, fitilu suka kama, allurai suka fara rawa, aka saki saƙon Yaya. Magana kam ta fita tar, babu ko ƙura a cikinta, kowane harafi ana ji. Sai dai muryar nan siririya ita ce dai, ƙara kawai ta yi. Da ya ga Iya ba ta motsa ba sai ya ce in ƙara murɗawa. Na murɗa. Iya ta toshe kunnuwa ta ce, "Da ƙaramin sauro kuka kawo min, yau kuma kun kawo babba. Ku ce wa Malam na gode, ya kashe abin nan." Na leƙa waje na ga maigidana yana share gumi da hularsa, Auta kuma ya jingina da turmi yana dariya har da riƙe ciki.

Washegari Auta ya zo da nasa. A adaidaita sahu ya ɗauko akwatunan, ya biyo ta cikin ruwa, ya iso wandonsa a jiƙe har gwiwa yana taƙama. Ya jera su a ɗaki, ya ɗaura wayoyin rediyon motarsa a kan batir. Tun kafin a kunna komai akwatunan suka fara wani gurnani. Da aka saki saƙon, sai ga kaurin nan ya fito, ƙirjin Yaya ne sak. Amma rediyon ba ta da ƙarfin ɗaukar manyan akwatunan, ga batir ya yi sanyi, sai maganar take fitowa a dagule, tana karkarwa tana shaƙewa, ba ka gane ko kalma ɗaya. Na dubi Iya na ga ta miƙe zaune, ta kafa kunne. Can sai ta koma ta kwanta ta juya mana baya. Ta ce, "Wannan kam da muryarsa a ciki. Amma muryar wanda yake ƙarƙashin ruwa ce."

Babu wanda ya yi dariya a ranar. Auta ya fito jiki a sanyaye, ya zauna a kan turmin da ya jingina da shi jiya. Ga shi gobe Alhamis, jibi Juma'a, gero kuma na riga na jiƙa don ba ni da bakin ƙin umarninta.

Ni dai ban san komai a kan kayan sauti ba, sana'ata gumin shinkafa, wato turara ta kafin a casa. Amma ina da kunne, kuma na ga abin da na gani. Na tara su a zaure na ce, "Na ɗaya ya kawo magana babu ƙirji, na biyu ya kawo ƙirji babu magana. Gobe in Allah ya kai mu za ku haɗa injin wannan da akwatunan wancan."

Kai, ka ce zagin su na yi. Maigidana ya ce, "Akwatunan kafinta? So kike su ƙona min inji?" Auta ya ce, "Ni ma ba zan yarda ba, wannan dodon nasa fasa min sifika zai yi, in rasa abin nuna ƙwallo." Suka dasa sabuwar gardama a kan wane ne zai lalata na wani. Ni kuwa da ma ba a san ni da dogon haƙuri ba. Na miƙe na gyara ɗaurin zanena na ce, "Ku saurare ni da kyau. Uwata tana ciki tana ƙarewa, ku kuna nan kuna tausayin katako da ƙarfe. Wallahi in gobe ba ku haɗa su ba, akwatunan nan faskara su zan yi in hura wutar gumi, injin kuma in ɗora tukunya a kansa." Suka dubi juna. Auta ya ce, "Za ta iya fa." Maigidana ya ce, "Ni za ka gaya wa?"

Da hantsin Alhamis suka hallara. Abin da ya ba ni mamaki, da suka sunkuya a kan wayoyin sai suka koma kamar ba su taɓa musu ba. Wannan ya riƙe, wancan ya murɗa, suna haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa. Suka gwada a zaure tukuna da karatun wani malami, a hankali, babu abin da ya ƙone, babu abin da ya fashe. Da aka zo shiga da kayan, kowannensu so yake a jera akwatunan a gaban gadon Iya a ƙure sauti. Na ce a'a, nan kuma nawa ne. Yaya bai taɓa tsayawa a kanta yana ihu ba. Na sa aka ajiye akwati ɗaya a bakin ƙofa daga hagu, daidai inda yake durƙusawa in ya zo gaisuwa, ɗayan kuma a gefensa. Maɓallin ƙara sauti ni na riƙe shi, na sauke shi ƙasa daidai yadda mutum mai ladabi zai yi magana a gaban mahaifiyarsa. Tun da safe na riga na tura wa Yaya saƙo cewa in ya kira kada ya yi wani dogon bayani, kada ya rantse, ya yi gaisuwa kawai yadda ya saba.

Muka zauna jiran sabis. Iya tana kwance ta ba mu baya, ta ce mu yi abin da za mu yi mu fita mata daga ɗaki. Rana ta take, har na fara cire rai, sai wayar ta yi ƙara. Na amsa, na ajiye ta a kan amfilifaya.

"Salamu alaikum."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ƙara ba ce, mutum ne ya shigo. Matar Yaya tana tsakar gida tana wanke-wanke, sai ji muka yi kwano ya faɗi, ta jawo mayafi ta rufe kai tana waige-waige. Ni kaina sai da na kalli bakin ƙofar, alhali ni na ajiye akwatin da hannuna.

Iya ta tashi zaune. Ta gyara ɗankwalinta. Yaya ya ce, "Iya, barka da rana. Mun same ku lafiya?" Sai kawai muka ga ta juyar da fuskarta ta kalli bango. Ta ce, "Lafiya."

Wallahi a nan na zauna daɓas a ƙasa ina kuka ina dariya. Duk kiran da aka yi a baya, fuskarta a sake take sauraro, don a wurinta baƙo ne yake magana. Yau kuwa kunya ta ji. Auta ya gane, maigidana ma daga bakin ƙofa ya gane, na ji yana ta maimaita alhamdu lillahi a hankali.

Yaya bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba da gaisuwa, yana tambayar jiki, yana tambayar ruwa, yana cewa da zarar hanya ta buɗe zai taho. Iya tana nan tana fuskantar bango. Can sai ta miƙo hannu ta lalubo ni ta ce, "Ke, tambayi yayanku, ina ya kai haƙorinsa?"

Na ce, "Wane haƙori kuma, Iya?"

Ta ce, "Na gaba, na ƙasa. Ba ki ji iska tana fita ba in ya ce sannu?"

Na maimaita masa tambayar. Sai ya fashe da dariya, irin dariyarsa mai girgiza ɗaki, akwatunan nan suka kawo ta gaba ɗayanta har kwanukan jeren Iya suna amsawa. Ya ce, "Ikon Allah. Ciwo ya dame ni, na je gari aka cire shi tun farkon damina. Ko matata ban gaya wa ba, don na san tsiyar da za a yi min." Daga tsakar gida matar ta ce, "Ai kuwa za ka sha ta." Auta har ya fara kwaikwayon yadda Yaya zai riƙa magana da wawulo. Iya ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa, hawaye yana bin kumatunta. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na wannan lokaci ba, ko ranar da na haifi ɗana na fari.

Da aka kashe wayar ta share fuska, ta koma Iyarta ta da. Ta ce, "Wai yau ba a girki ne a gidan nan? Mutum ya wuni da yunwa babu mai tambayarsa." Muka rufa a kan murhu mu biyu, ni da matar Yaya. Burabusko muka yi mata da miyar kifi, ta cinye ta nemi ƙari, tana ci tana mitar gishiri bai ji ba.

Kada ku ɗauka gardamar mutanen nan ta mutu a ranar. Tun kafin su naɗe wayoyin suka ɗora daga inda suka tsaya. Auta ya ce, "Ka gani ko? Injinka ne dai na shekaranjiya, ba a canza shi ba. Akwatuna aka canza, sai ga Yaya." Maigidana ya ce, "Kai ma akwatunanka ne dai na jiya da suka nutsar da shi a ruwa. Injina ne ya tsamo shi." Sai dai bayan kwana biyu na ga maigidana ya fita da igiyar awo a aljihu, ashe wurin kafintan Auta ya je a ɓoye. Shi ma Auta bai daɗe ba ya yi wa rediyon motar nan ritaya ya sayi 'yar amfilifaya madaidaiciya. Har yau in ka tambayi kowannensu zai ce maka shi ya yi nasara. In ni kuka tambaya, zan ce akwatin ya ɗan fi nauyi a ma'auni, don shi ne ya fara sa Iya ta miƙe zaune, kuma inji komai kyansa ba zai fitar da abin da sifika ba ta da ƙirjin ɗauka ba. Amma na ga da idona abin da akwati mai kyau yake yi in abin da ke tura shi ba shi da ƙarfi. Ba na faɗin wannan a gaban maigidana sai na tabbatar ya ci ya ƙoshi.

Yaya ya iso bayan ruwa ya janye. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ta kalli bango ta ce lafiya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ta rayu shekaru masu albarka bayan nan, Allah ya ji ƙanta.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ya wuce zancen kayan sauti. Duk kwanakin nan gaskiya muke gaya wa Iya. Mun rantse, mun ɗaga murya, mun kawo shaidu, har muna jin haushinta muna cewa rikicin tsufa ne. Ashe ita ba ƙarar magana take nema ba, ɗanta take nema, kuma ta fi mu sanin yadda yake. Na gane cewa bai isa a ce maganarka gaskiya ce ba, sai ta isa ga mai sauraro a cikin muryar da ya sani. Tun daga lokacin, in zan gaya wa wani magana mai nauyi, ba na aike, ba na kuma ɗaga murya. Ina zuwa da kaina, in zauna inda ya saba ganina, in yi masa magana yadda ya san ni.